Fuska Biyar a Mako

Lahadi

Zuwa ga Uwata ta kaina,

Sallama da gaisuwa daga uban da ya yi kewar 'yarsa. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki da marasa lafiyar da kuke koyon allura a jikinsu, Allah Ya ba su haƙuri. Innarki lafiya lau take, tana gaishe ki, keken ɗinkinta ma yana gaishe ki da ƙarar nan da kika sani.

Ni kuwa lafiyata iyakarta gwiwa, daga nan zuwa ƙasa sai addu'a. Kafin Innarki ta ba ki labarin a waya ta ƙara masa gishiri, gara ki ji daga bakin mai shi. Kin san sata ta yi yawa a kantinmu, har Manaja ya sa aka kafa manyan madubai masu ƙumburin ciki a kowane lungu. Ranar da aka kafa su ina hutun mako, ba wanda ya gaya mini. Washegari ina zagayawa ta layin gwangwanaye sai na hango wani tsoho can ƙarshen layi, kai kamar tulu, ƙafafu kamar tsinke, aljihu a kumbure, sai waige-waige yake. Shekara tara ina gadin ƙofar kantin nan, ɓarawo tun daga tafiyarsa nake gane shi. Na lura har da kakinmu a jikinsa, na ce lallai wannan ya ƙware, wato har kaki ya sata. Na sheƙa, shi ma ya sheƙo. Ban gane ubanki ne ba sai da na rungumi dalar gwangwanin tumatir da ke ƙarƙashin madubin. Abin da ya kumbura aljihun kuwa, burodin kalacina ne. Likita ya ce ƙashin idon sawu ya tsage, sai na yi wata biyu da sanda.

Na ɗauka sallamata za a yi, amma Manaja ya ce gurgu ma yana da ido. Ya sa Dogo a ƙofa, wancan mai kama da turken wuta da kika taɓa gani, ni kuma ya kai ni ɗakin kyamara a bayan sito. Uwata, duk shekarun nan ban san da ɗakin ba. Ba taga, ba agogo. Kujera ɗaya ce, sai allo goma sha biyu jere a bango, da sanyin inji mai shiga ƙashi. Kantin yana cikin allunan, amma ba launi ba sauti. Mutane suna tafiya kamar a ƙarƙashin ruwa. Jariri ya wage baki yana tsala kuka a bayan uwarsa, ba ka jin komai. Shekaranjiya wata kwalba ta faɗo ta tarwatse a allo na bakwai, na zauna ina jiran ƙararta, har yanzu ba ta iso ba.

Aikin ba wuya, ko ni da na tsaya a aji biyar na iya. In na ga hannu ya kai kaya cikin riga, sai in tsayar da hoton in danna jan maɓalli. Fuskar sai ta tafi wurin kamfanin da ya kafa na'urar, a wani gari da ban sani ba. Daga ranar, duk kantin da ke titinmu, tun da kamfani ɗaya suka ɗauka, ƙofarsa za ta gane fuskar ta yi ta kuka har sai mai ita ya juya. Ba ɗan sanda, ba duka, ba cacar baki. Manaja ya ce wannan shi ne ci gaba. Sharaɗin ɗaya ne, fuska biyar a mako ko fiye. In ta gaza biyar, masu kanti za su ce mai kallon barci yake yi, su nemo mai ido. Na ce masa yadda ake satar nan, biyar ai kafin azahar na cika ta.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Takardar nan bayan tsohon fom ɗin sito ce, kada ki juya ki zaci na koma sayar da sabulu. Ki gaida masu kula da ku.

Naki har kullum,
Babanki, mai ƙafa ɗaya da rabi.

Lahadi, bayan mako uku

Uwata,

Aminci ya tabbata gare ki. Ya karatu, ya tsayuwar asibiti? Wasiƙarki ta iso, Innarki ta sa na karanta mata sau uku, ta ce rubutunki ya fara lalacewa kamar na likitoci, alamar kin kusa gamawa. Na bi umarninki, ina ɗora ƙafar kan kwali. Yanzu a ɗakin ita ce manaja, ni ne mai gadinta.

Kin tambaye ni su wane ne ɓarayin. Da ina ƙofa na ɗauka na san su. Turare da agogo suna kulle cikin gilashi, ba mai kallonsu. Abin da ake ɗauka sukari ne, da sabulu, da ganyen shayi, da kunzugun jarirai. Masu ɗauka kuwa, na ga tsohon direban bas ɗin da ke kai ki makaranta kina ƙarama. Na ga ɗaya daga cikin 'yan matan nan huɗu masu karɓar kuɗi da aka sallama bara, lokacin da aka kawo injin biya da kanka. Kuma duk hanyarsu ɗaya ce, kamar malami ɗaya ya koyar da su. Mutum zai tsaya gaban kanta, ya dubi farashi, leɓensa yana motsi. Ya taɓa kayan ya saki, ya sake taɓawa. Sannan hannun ya fita shi kaɗai ya yi aikinsa ya koma, fuskar tana nan shiru kamar ta mai barci, ba ta san abin da hannun ya yi ba. Da safe kuma, in mai sauya farashi ya fito da 'yar bindigarsa ta liƙa takarda, sai ki ga mutane suna sauri gabansa ba mai magana da wani, kowa yana son ya riga shi isa kanta.

Kowa da dalilinsa. Manaja ya ce tarbiyya ce ta mutu. Dogo ya ce tun da aka cire mutane aka sa inji, ai mutum kunyar mutum yake ji, ba ya jin kunyar ƙarfe. Innarki ta ce a ƙirga daga ranar da aka rufe masaƙa. Ni dai abin da na gani, albashi yana tafiya da sanda kamar ni, farashi yana kan babur.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ubanki ya fara ha'inci. In tsohon nan mai ganyen shayi ya shigo, sai tabarauna ya yi ƙura in tsaya gogewa. In mai goyo ta nufi layin kunzugu, sai ƙafata ta buƙaci gyara. Da haka da haka jiya Asabar ta same ni da fuska huɗu. Wajen ƙarfe huɗu Manaja ya leƙo, ya ƙwanƙwasa agogon hannunsa da yatsa ya ja ƙofa.

Akwai wata mata da ke shigowa duk Litinin da Alhamis, siririya, da mayafi da 'yar jaka a hammata. Kullum sai ta tsaya a allo na huɗu, ta ɗauki gwangwanin madara, ta rungume shi a ƙirji tana karanta farashi, ta mayar. Daga nan ta fita ta gefen allon, bayan ɗan lokaci in gan ta a ƙofa hannu wofi. Ban taɓa ganin ta sayi ko allura ba. Sai na mayar da hoton baya zuwa Alhamis, na tsayar da shi daidai lokacin da gwangwanin ke ƙirjinta kusa da bakin jaka. Daƙiƙa biyu gaba ta mayar da shi. Ban bar hoton ya kai can ba. Na danna.

Na ce da kaina, wadda ba ta sayen komai in an hana ta shiga kanti, ai kamar an hana mai sanƙo shiga shagon aski ne. Na yi dariya ni kaɗai. Dariya a ɗakin nan ba ta da daɗin ji, sai ka ji kamar wani ne ya yi ta a bayanka.

Kada ki gaya wa Innarki. Ki huta lafiya.

Babanki, mai biyar cif.

Laraba

'Yata, Uwata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta duk wanda ke kusa da ke. Mu nan da sauƙi. Ƙafa ta fara taka ƙasa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, na fara rubuto miki sau biyu ina yagewa.

Litinin ɗin da ta biyo baya matar ta zo. A allo na ɗaya, wanda ke kallon ƙofa, na ga fitila tana walƙiya, na ga duk kawunan da ke kanti sun juya lokaci ɗaya. Ta buɗe wa Dogo jakarta da kanta. Ta nuna masa wani kati. Dogo ya yi ta girgiza kai yana nuna sama, wato ba shi ba ne. Ta fita, ta tsaya jikin turken fitilar titi, sannan ta ɗaga kai.

Uwata, kyamarar tana ɓoye cikin wani baƙin kwano a saman ƙofa, ba mai kallonta. Mutane suna wucewa ƙarƙashinta kamar yadda ake wucewa ƙarƙashin gajimare. Ita kuwa cikin kwanon ta duba, tsakiyarsa. Ta yi rabin awa a haka, sannan ta juya da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Washegari ta dawo. Ba Litinin ba Alhamis kuma, kullum ne, rabin awa. Ba ta roƙon kowa, ba ta zagin Dogo. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, amma wannan ta tsallake marataya, makashin take nema. Na matsar da kujera hagu, idon yana kaina. Na koma dama, yana kaina. Na liƙa fom a kan allon, Manaja ya zo ya cire, ya tambaye ni ko na fara taɓuwa.

A mako na uku, ranar Juma'a, na shigo da safe na tarar da ita a tsaye tun kafin a buɗe kanti. Rabin awa ta wuce, ba ta tafi ba. Rana ta take, tana nan. Ko ƙafa ba ta sauya ba. Haka ta wuni, haka na same ta ranar Asabar. Can na lura mutane ba sa kauce mata. Wani mai tura kura ya bi ta cikinta ya wuce. Na kira Dogo na ce don Allah ya miƙa wa matar nan ruwa. Ya ce wace mata, ai rabonsa da ganinta tun Alhamis da safe. Na dogara sanda na fita har bakin titi. Turke ne kawai, da rana, da wata leda da iska ke ja. Na koma ɗaki, tana nan. Na kashe allon, ya yi baƙi, tana nan a cikin baƙin, toka-toka, kai a ɗage.

Mai gyara ya zo ya ce tsohon allo ne, in abu ya daɗe wuri ɗaya yakan sha hoton. Na ce rabin awa a rana ne fa. Ya ce alluna kala-kala ne. Yana faɗa yana tattara kayansa, bai yarda ya sake kallon bangon ba.

Jiya da rana ina cin burodina a bakin sito, mai kemis ya zo ya zauna. Kin san ƙaramin kemis ɗin da ke cikin kantin, can lungun baya. Haya yake yi, ba na masu kanti ba ne, don haka babu kyamarata ko ɗaya a wurinsa. Yana cikin hira ya ce shi abin da ke damunsa matar nan tasa ta Litinin da Alhamis da ƙofa ta kora. Ya ce uwarta tsohuwa ce mai hawan jini da ciwon zuciya, ita kaɗai ke jinyarta. Kuɗinta ba ya kai kwalin magani, sai ta riƙa sayen na kwana uku, na kwana huɗu, ta sa a jaka. Irin maganin nan ba a bayar da shi sai mai katin karɓarsa ta tsaya da fuskarta gaban injinsa, kuma ɗaya kemis ɗin na titin yana cikin kamfanin. In ba nan ba sai babban asibiti, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa, awa huɗu. Ita kuwa kulle tsohuwar take yi ta fito, rabin awa ce iyakarta.

Wato inda take zuwa ke nan in ta fita ta gefen allo na huɗu. Ni da nake taƙama duk kantin yana gabana. Burodin ya tsaya mini a wuya, mai kemis ya yi ta bubbuga bayana yana cewa in ci a hankali.

Ki sa ni a addu'a. Innarki tana gaisuwa.

Babanki.

Lahadi

Uwata,

Sallama. Ina fatan kina lafiya, kuma jarrabawar da kika ce tana tafe ta zo da sauƙi. Yau ba ni da dogon wasa, ɗan abin da ya rage ne zan yayyafa.

Na sami Manaja na ce masa, a misali, in an danna fuska bisa kuskure, yaya ake goge ta. Ya ce na'ura ba ta kuskure, mutum ke yi. Ya jawo wani fom daga aljihun tebur. Wanda ya danna shi zai sa hannu cewa ƙarya ya yi. In ya sa, aikinsa ya ƙare a ranar, kuma tasa fuskar ta shiga jerin, don ma'aikacin da ya yi wa na'ura ƙarya ɓarawo ne a wurin kamfani. Bayan haka ma sai an yi kwana casa'in ana bincike kafin a goge ta farkon. Ya ce misalin nan na wane ne. Na ce na wani abokina ne. Ya ce in gaya wa abokina ya riƙe bakinsa, yana da iyali. Amma ya bar fom ɗin a kan tebur, ni kuma hannuna ya fita shi kaɗai ya ɗauka.

Na gaya wa Innarki komai. Tana cikin ɗinki ta tsayar da keken. Shekara talatin ina roƙon keken nan ya yi shiru, ranar da ya yi na rasa inda zan sa kaina. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi in nemo gidan.

Mai kemis ya kwatanta mini. Jiya da la'asar na je, bene hawa uku, ni da sandata muna hawa muna hutawa. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda, da ƙaton kwaɗo rataye a ƙofar ta waje. Ita ta buɗe. Ashe mayafin kore ne. Ashe kuma yarinya ce, ba za ta girme ki da shekara biyar ba, allon ne ya tsofar da ita. Bayanta na hango gado, da tsohuwa kwance, baki ya karkace gefe guda, ido a buɗe.

Na fara kame-kame, ina daga kanti, na zo duba jiki. Ta dubi kakina, ta dubi sandar, sannan ta dube ni irin kallon nan.

Ta ce, “Kai ne na cikin baƙin kwanon?”

Na ce ni ne.

Ta ce, “Ka ga na mayar?”

Na ce, “Na gani.”

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani. Ta ce ita ba ta san ko mutum ne a ciki ko inji ba, ta dai riƙa tsayawa ne ko da mutum ne, ya sake dubawa. Madarar kuma tsohuwar ce ke sonta a shayi, shi ya sa take duba ko ta sauko. Ta yi ta raba ƙwayar da ta rage biyu-biyu har ta ƙare. Ranar Alhamis ɗin da Dogo ya yi mata ganin ƙarshe ta kulle ƙofa ta tafi babban asibiti. Da ta dawo ta tarar da uwar a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, tun daga ranar ba ta sake magana ba. Kwana biyun da na yi ina kallon ta a allo, tana asibiti ne a gefen gadon uwarta.

Duk wannan a tsaye ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa don kada tsohuwar ta ji. Ba ta ce in shigo ba, ba ta ce in tafi ba. Maganin da ta samo zai ƙare Laraba, ranar Alhamis dole ta sake kulle ƙofar.

Fom ɗin yana aljihuna, ya fara laushi don taɓawa. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Shekarata hamsin da takwas, ƙafa ta ƙi, ilimi aji biyar. Wa zai ɗauki mai gadin da ƙofa ke yi wa kuka? Ga ɗan abin da nake aiko miki ƙarshen wata, ga ki saura zango ɗaya. Ban rubuto don ki yanke mini hukunci ba. Na rubuto ne don in wata rana kin ji labarin a bakin wani, ya zama kin riga kin ji shi da rubutuna.

Allah Ya tsare mini ke.

Babanki, abokin mai misali.

Laraba

Uwata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Innarki tana nan ƙalau. Wasiƙarki ta iso jiya, layi huɗu, ba wasa ko ɗaya a ciki, har na duba bayanta ko kin ɓoye shi can. Kin ce za ki karɓi aikin ƙarshen mako, kada in sa ki cikin lissafina. To kin makara, tun Litinin waccan na sa hannu, don kada a ce 'yar da na goya ce ta tura ni. Amma na ninke takardarki na sa a aljihun da fom ɗin ya bari.

Manaja ya karanta, ya ce ashe abokin nawa wawa ne. Na ce tun muna yara haka yake. Shi da kansa ya tsayar da ni gaban kyamara ya danna. Na ajiye kaki, na fita lafiya, sai a bakin titi na tuna na bar kofina na shayi. Ina sa ƙafa a ƙofa ta fashe da kuka. Uwata, duk zamana a ɗakin can ban taɓa jin muryarta ba. Siririya ce, mai tsawo, kamar ta jaririn da aka bari shi kaɗai. Duk kantin ya juyo. Dogo ya fito mini da kofin, kansa a ƙasa, yana ce mini Baba ka yi haƙuri. Yanzu duk titin in na gifta kusa sai wata ƙofa ta gaishe ni. Innarki ce ke cefane, ni kuma an ƙara mini girma zuwa mai zura zare a allura.

Kamfani ya aiko da takarda, kwana casa'in daga ranar da na sa hannu. Kafin nan yarinyar sai ta riƙa zuwa babban asibiti duk Litinin da Alhamis. Innarki ce ta hau benen ta yi magana da ita, mace da mace, ban san me suka ce ba. Abin da ya fito dai shi ne an daina sa kwaɗo. Ni ne kwaɗon. Ta bar mini kujera a bakin gado, da kofi da cokali, ta nuna mini yadda ake ɗaga kan tsohuwar a ba ta ruwa kada ta shaƙe. Abin da ya fi ƙarfin namiji, Innarki tana leƙowa da rana ta yi. Yarinyar ba ta gaishe ni ba har yau. Takan ce ta tafi, in ta dawo ta ce ta dawo, in tashi in kama sandata.

Na yi zama biyu. Awa huɗu, ni da tsohuwa, ba mai cewa uffan. Ranar farko na gwada ba ta labarin faɗuwata, wanda ko likita sai da ya dara. Ko gira ba ta motsa ba. Idonta dai yana kaina tun daga shigata har fitata. Yarinyar ta ce ba ta gaya mata ko ni wane ne ba, maƙwabci kawai ta ce. Ni ban yarda ba ta sani ba. Shekaranjiya ina ba ta ruwa ta kama wuyan hannuna da hannunta mai rai, da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Bakin ya buɗe, harshen yana ta kokawa. Na sunkuya har kunnena ya kusa taɓa leɓenta. Iska ce kawai ta fito, mai ɗumi. Ta yi haka sau uku, sannan ta sake ni, ba ta kawar da ido ba.

Ke da kike karatun abin, ki gaya mini gaskiya, irin wannan maganar tana dawowa? Kullum ina roƙon Allah Ya dawo mata da ita, kuma gabana yana faɗuwa in na roƙa. Don in ta dawo a ranar Litinin ko Alhamis, ni kaɗai ne a ɗakin, kuma na san ba sannu da zuwa take ta tanadi ba. Kwanakin kamfani suna da iyaka, saura tamanin da ɗaya. Wannan da ke bakin tsohuwar ba a yanka mini ranarsa ba, kuma ko an goge fuskar 'yarta ban ga yadda zan daina hawa benen ba sai na ji shi.

Gobe Alhamis. Bari in kwanta da wuri, matakala talatin da tara ce.

Ki gaida kowa. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki gama lafiya.

Ni ne naki,
Babanki, mai gadi.